Hantar Maƙwabci

Tun shekarar da jikata ta shiga jami'a a birni nake gaya wa mutane likita take karantawa. Ba ita ta gaya mini ba. Na ga ta zo hutu da farar riga mai manyan aljihu, sai na yanke mata sana'a da kaina, na kuma baza a Bodinga kafin ta kwance kayanta.

Ni dillalin dabbobi ne. Tsakanin kasuwannin ƙasar Bodinga da na ƙasar Shagari na yi furfura. Bokona bai wuce aji uku ba, shi ma ajin ukun na fi sanin tagarsa da allonsa. Wanda ya kwashe rayuwarsa yana rantsuwa a kan tsohuwar saniya cewa karsana ce, ba ya saurin yarda da maganar kowa, ko da ta jininsa ce. Shi ya sa da hutu ya sake zagayowa na ce bari in gwada likitar tawa.

"Amarya," na ce mata, don haka nake kiranta tun tana rarrafe, "zo ki duba mini gwiwar ga. Kwana biyu tana ƙara kamar ƙofar langa-langa."

"Tsoho, ni fa ba likita ba ce."

"To mi kike yi can?"

Ta zauna bakin tabarma ta yi mini bayani. Wai duk naman da ke jikin mutum da na dabba an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani, ƙwayoyin halitta ake ce musu. Su aikinsu shi ne su yanki nama ya fi ɓawon albasa sirantaka, su rina shi, su ɗora a kan gilashi, su leƙa ta madubin likita su ga yadda ɗakunan suke jere, da yadda ciwo yake rushe su.

"In kun gani kuma sai mi?"

"Sai mu rubuta."

"Ba ku ba da magani?"

"Wasu ke ba da magani. Mu muke gaya musu abin da ya lalace."

Na dube ta sama da ƙasa. A raina na ce, ko dai yarinyar nan an kore ta tun tuni, tana zaune wajen wata ƙawa a birni tana tsara mana labari? Don in ni ne zan ƙirƙiro karatun ƙarya, irin wannan zan ƙirƙiro: abin da ido ba ya gani, ba wanda zai ce in nuna masa. Ban faɗa mata ba. Na dai ci gaba da ce wa mutane likita ce, illa na daina ɗaga murya.

A shekararta ta ƙarshe ta dira gida da wata kula shuɗiya, cike da 'yan kwalabe masu murfi, da jarkar wani farin ruwa. Ta ce an ba ta aikin gamawa, furojet suke kiransa. Za ta bi kasuwa ta karɓi 'yar ƙyallen hanta daga shanu da tumakin da aka yanka, ta kai makaranta ta duba irin ɓarnar da tsutsar hanta take yi. In malamin da ke duba aikin ya sa hannu, ta sami digiri tare da 'yan ajinsu. In bai sa ba, ta maimaita shekara, su tafi hidimar ƙasa su bar ta. Ubanta, ɗana, yana kan hanyar kudu da babbar mota, ba ya zama. Rakiya ta faɗo kaina.

"Kwalaben ga, in kin cika su, wa kike kai ma?"

"Malam."

"Yana da iyali da yawa?"

"Tsoho, mi ya kawo iyalinshi?"

"Tambaya na yi. Mutum ya aiki yara su tara mishi hanta daga kasuwa-kasuwa, ai dole a tambayi yawan bakin da yake ciyarwa."

Ta buɗe jarkar ta miƙo mini wai in shinshina. Na kai hanci da ƙarfina kamar mai zaɓen turare. Ban san inda hawaye da majina suka fito ba. Tana dariya har da riƙe ciki, ta ce fomalin ke nan, shi ke hana nama ruɓewa, wanda ya ci abin da aka jiƙa a ciki sai dai a yi masa sutura. Wannan ya wanke malamin daga zargin suya, amma ya buɗe wani zargin. Nama a kwalba, cikin ruwan da ke kisa, a kai wa mutumin da ba mu san asalinsa ba. Na tayar da babur.

Kasuwar da muka fi zuwa tana wani ƙauye a ƙasar Shagari, in ka wuce Lambara ka saki kwalta. Ba zan faɗi sunanta ba, za ku ji dalili. Mahautan can, mu rundawa muke ce musu, kusan duk ta hannuna suke sayen dabba. Manyansu biyu ne, teburinsu na jingine da juna: wani dogo mai ƙaramin kai, da wani gajere mai haƙorin Makka. Tun suna samari suke gaba a kan wa ya fi cin inuwar bishiyar bedin da ke tsakaninsu. Suna gaisawa, suna cin abinci a kwano ɗaya in ta kama, amma kowa ya san in ɗaya ya yi tuntuɓe ɗayan sai ya yi sadaka.

Muka isa da hantsi ana cikin fiɗa. Aka tarbe mu da fara'a, har yarinyar ta zura farar rigar nan ta sa safar hannu. Nan take fara'ar ta ragu. Dogon ya ja ni bayan bedi.

"Dillali, duba-gari ka kawo muna?"

"Jikata ce, ɗiyar ɗana. Karatu take."

"Karatun mi ake yi da safar hannu?"

"Irin na zamani."

"In aka zo aka rufe muna teburi, ka san gidanka na sani."

Na rantse masa, ya yi kamar ya yarda, ni ma na yi kamar na yarda ya yarda.

Ga abin da ba a sani ba sai an zauna da rundawa. Hantar da ta fito da tsutsa, ko ta yi tauri da farin jijiya a ciki, ba ta hawa teburi. Kowane runji yana da bokiti a ƙarƙashin teburinsa, an rufe da buhu. Can take tafiya, tun kafin mai saye ya ɗaga ido. Abin da ake yi da ita daga baya ba da ni ake yi ba, ban kuma taɓa tambaya ba, don ina cin tsire. Sannan runji ba ya miƙa wa ɗiyar abokin cinikinsa mugun nama, ko da kyauta ne. Abin kunya ne. To ga kunya, ga tsoron duba-gari. Duk wanda ta tsaya gabansa, sai ya ɗauko hanta mai sheƙi kamar an shafa mata man shanu, ya yanka mata daga inda ya fi kyau.

Ta yi ta cewa, "Baba, duk wadda ta fito nake so, mai kyau da marar kyau."

Su kuma suna cewa, "Ai duk haka suke fitowa, ɗiyata."

Ni kuwa ina gefe ina jin daɗi. Na ɗauka kawaici ne irin na 'ya'ya mata, kamar baƙon da zai ce ko ruwa ma ya isa. A lissafina, hanta mai kyau ita ke kawo maki mai kyau. Wa zai kai wa malaminsa ruɓaɓɓen kaya ya ci jarrabawa? Har in na ga runji ya ɗauko wadda ba ta cika ja ba, sai in harare shi ya canja. Muka yi makonni a haka. Ta cika kwalabenta ta koma birni, ni kuma na shiga gaya wa mutane irin gatan da na yi mata.

Ana shirin cire albasa ta dawo. Ba farar riga, ba dariya. Ta same ni a zaure ina gyaran igiya, ta zauna ba tare da ta tsokane ni ba.

"Amarya, wa ya taɓa mini ke?"

Ta ciro waya ta nuna mini hotunan abin da ta gani a madubi. Ruwan hoda da shunayya, zane-zane a jere, sak atamfar da mata ke rububi da salla. Na ce wannan ai kyakkyawa ce. Ta ce ita ce matsalar. Duk gilasan da ta yi haka suke, lafiya lau, ba tabo ko ɗaya. Malam ya duba ya ajiye, ya ce abu biyu ne: ko dai dabbobin ƙasar Shagari ruwan gora suke sha, ko kuma hanta ɗaya ta saya a birni ta yayyanka ta rarraba a kwalabe, ta zauna a ɗaki ta ce ta je ƙauye. Ya ce ya ga irin haka ba sau ɗaya ba. Ya ba ta dama ta sake, lokaci kuwa ya ƙure.

"Kaka," ta ce. Ba ta kirana haka sai magana ta yi nauyi. "Tsakaninka da Allah, ba a samun hanta mai tsutsa a kasuwar can?"

Dariya ta kufce mini. "Ba a samu? Dabbar da ke kiwo a fadama? Ai rabin abin da ke cikin bokiti ke nan."

"Wane bokiti?"

Na gaya mata. Na ƙara da yadda na tsaya tsayin daka aka zaɓar mata masu kyau, ina jiran godiya. Ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Ba ta yi tsawa ba. Ta tashi ta shiga cikin gida, na ji tana wanke kwalabe da ƙarfi kamar su suka yi mata laifi.

Ranar kasuwa muka koma. Wannan karon ta bar farar rigar a gida, ta yi musu magana a fili: marar kyau take so, ba za a rubuta sunan kowa ba, sunan kasuwa da irin dabba kawai. Ta fara da mai haƙorin Makka.

"Tsutsa?" ya ce, yana kallon sama kamar yana ƙoƙarin tuna kalmar. "Tun da nike yanka ban taɓa gamuwa da ita ba. Ana dai faɗi."

Ƙafarsa na kan buhun da ya rufe bokiti. Dogon ya ce shi sai ya duba idon saniya kafin ya saya, marar lafiya ba ta shiga hannunsa. Ni na sayar masa da wadda ke rataye a gabansa, na kuma san tarin da take yi, amma ba wurin faɗa ba ne. Sauran duk bakinsu ɗaya. Da ta ce ba za a rubuta suna ba, sai suka ƙara tabbata akwai inda ake rubuta suna. Muka dawo da kula ba komai.

A hanya ina tuƙi ina tunani. Roƙo ba ya buɗe bokitin runji. Rantsuwa ma ba ta buɗe shi, balle tawa. Amma na san abu ɗaya da kowannensu yake so fiye da ciniki.

Washegari na koma ni kaɗai. Ba ranar kasuwa ba ce, na sami dogon a wajen mai shayi bayan azahar. Na zauna kusa da shi na rage murya.

"Ka ga, mun yi kuskure da munka tambaye ka. Kowa ya san namanka. Ba taka muke so ba."

"To ta wa?"

Na dai karkata kai wajen gidan mai haƙorin Makka.

Ya ajiye kofi a hankali. "Halan sun ji labarinshi har birni?"

"Ni ban ce ba."

"Wanga mutum, abin da ke cikin bokitinshi ko ungulu sai ta yi shawara." Ya duba hagu da dama. "In an samu, mi za a yi mishi?"

"Sai abin da bincike ya nuna."

"Bar ni da shi."

Daga nan na zarce gidan gajeren, na same shi yana wasa wuƙa. Na zuba masa magana iri ɗaya, na karkata kai ɗaya gefen. Shi har addu'a ya yi mini.

Ranar kasuwa na ajiye yarinyar da kularta a bayan katangar kara, inda ake ɗaure shanu. Ba a jima ba sai ga dogon yana tafe yana waige, da baƙar leda a cikin riga.

"Daga bokitinshi na ɗauko, sa'ad da ya tahi kama ruwa. Saniya ce. Ba ku gan ni ba."

Yana ɓacewa sai ga mai haƙorin Makka ta ɗaya kusurwar, shi ma da tasa ledar.

"Ta dogon banzan can ce. Dibi abin da yake ba mutane. Kar a ji sunana."

Ta buɗe ledar farko. Hanta ta yi tauri, an tsaga ta sai ga abin nan yana motsi, mai faɗi kamar ɗan ganye. Ni na kau da kai. Ita kuwa fuskarta ta yi haske kamar an ba ta kujerar Makka.

Kafin wata ya ƙare maganar ta zagaya ƙananan rundawa, ta bakina mana, kowa da wanda na karkata masa kai. Bayan katangar nan ya zama kamar wurin boka, ana zuwa ɗaya-ɗaya ana waige. Wani abin da na lura, ba duk sata ba ce. Akwai wanda zai kawo hantar tunkiya ya ce ta wane ce, ni kuwa na san shi kaɗai ya yanka tunkiya ranar. Tasa ce ya kawo ya laƙa wa maƙwabci, ya rage kayan bokiti ya kuma ci riba.

"Tsoho," ta ce mini wata rana tana rufe kwalba, "mi ya sa suke zuwa a ɓoye?"

"Kunya. Rundawa akwai kunya."

"Mi ka gaya musu?"

"Nasiha na yi musu a kan muhimmancin ilimin 'ya mace."

Ta daɗe tana kallona. Na ga ba ta yarda ba, na kuma ga ba ta da lokacin da za ta tono. Ta koma birni da kula mai nauyi, tana cewa yanzu tana da masu lafiya da marasa lafiya, za ta jera su gefe da gefe.

Na ɗauka an gama. Sai ga wayarta da rana tsaka. Gilasan sun fito da ɓarna iri-iri, duk abin da littafi ya faɗa ga shi nan. Malam ya duba ya daɗe, sannan ya cire tabarau. Ya ce kasuwar da jiya ba ta da tsutsa ko ɗaya, yau ta cika da ita? Ya fi zargin wajen wani tsohon ɗalibi ta sayo gilasan da aka riga aka gama. Ba zai sa hannu ba sai ya zo kasuwar da ƙafarsa, ya ji daga bakin mahautan cewa su suka ba ta.

"Ai shi ke nan," ta ce, "za su gaya mishi gaskiya, ko ba haka ba?"

Na ce mata ƙwarai. Na kashe waya na zauna a kan turmi.

Malamin ya zo ranar kasuwa da hantsi a wata 'yar mota mai tsafta. Siriri ne, takalminsa na ƙyalli. Ya gaishe ni da ladabi, "Baba, ina gajiya," amma kallon da ya yi mini irin wanda nake yi wa saniyar da aka shafa wa mai a ƙaho ne. Na gane ɗan'uwana ne a rashin yarda, sai dai shi an ba shi ofis.

"Baba, in ba damuwa, ka tsaya nan. Ni da ita za mu je."

Na tsaya jikin bedi, inda nake jin komai. Rundawa sun riga sun ga mota, sun ga tabarau, sun ga yarinyar na bin sa a baya da ladabi. Kowa ya gyara tsayuwa, ƙafafu suka hau kan buhu. A ganinsu yau babban duba-garin ya iso.

Ya tsaya gaban dogon. "Sannu da aiki. Ka san wannan yarinya?"

"Kamar na taɓa ganinta."

"Ka taɓa ba ta hanta mai tsutsa?"

"Ni? Subhanallahi! Ranka shi daɗe, ina zan same ta?"

"Baba," ta ce, "bayan katanga fa? Kai ka fara kawowa."

"Ɗiyata, kin dai ga wani dogon. Dogaye na da yawa."

Mai haƙorin Makka ya ce mai kyau ya taɓa ba ta, saboda darajar kakanta, bayan wannan bai san komai ba. Malamin ya bi teburi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kowa ya rantse. Wani ma cewa ya yi bai san akwai katanga a bayan kara ba. Da ya kai ƙarshe ya juyo ya dube ta, ba da fushi ba, da irin gajiyar wanda ya riga ya san abin da zai tarar.

"Ki same ni a ofis," ya ce. "Za mu yi maganar shekara mai zuwa."

Ya nufi mota. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a tsakiyar rumfar rundawa, ƙudaje na sauka a mayafinta ba ta kore su ba, ta juyo tana nemana da ido.

Mutanen nan su ne abincina. In runjin kasuwar nan ya daina sayen dabba ta hannuna, ba wata sana'a na iya ba, gwiwa kuma ta riga ta gama aiki. Na san wannan sarai lokacin da na bar jikin bedi. Na yi gyaran murya irin ta cikin kara, wadda ake ji daga ƙarshen kasuwa.

"Haba dogo, mi kake ma tsoro? Ai wadda ka kawo ba taka ba ce. Da bakinka ka ce daga bokitin maƙwabcinka ka ɗauko, sa'ad da ya tahi kama ruwa."

Mai haƙorin Makka ya juyo a hankali.

"Bokitina?"

"Ƙarya yake!" in ji dogon.

"Shi ya sa nike ganin kayana na raguwa! Ɓarawon bokiti! Ka kai ni birni?"

"Kai ma kar ka cika baki," na ce masa. "Leda nawa ka kawo ka ce ta dogon banza ce?"

"Wa ye dogon banza?" Dogon ya zagayo teburi. "Ni ka kai ma hukuma? Ni?"

"Na kai! In an sake ma sai in kai! Abin da kake saida ma mutane ko kare ba ya ci!"

"Nawa? To bari jama'a su gani!"

Ya sunkuya ya fizgo bokitin gajeren ya kife a kan teburi. Gajeren bai tsaya ba, ya shiga ƙarƙashin teburin dogon ya jawo nasa. Ƙananan rundawa suka zo rabo, na jefa musu nasu: wane ya kawo ta wane, wane ya ce ta wane ce. Rabo ya koma dambe. Kowa na ihu shi ba tasa ya bayar ba, ta wancan ya bayar, ranar kaza, a bayan katanga, ga ma yarinyar nan a tambaye ta. Bokitai suka yi ta fitowa. Masu sayen nama suka ja da baya suna toshe hanci, wata tsohuwa ta ajiye abin da ta saya tana salati.

Malamin ya riga ya buɗe ƙofar mota. Ya tsaya da hannu a kanta yana saurare. Can ya rufe ta ya dawo, yana tsallake jini da takalmin nan nasa. Ya miƙa wa yarinyar hannu ba tare da ya dube ta ba.

"Safa."

Ta ciro daga jaka ta ba shi. Ya ɗauki hanta ɗaya daga tulin da ke kan teburi, ya karɓi wuƙa a hannun wani runji da ya manta yana riƙe da ita, ya tsaga. Ya nuna mata wani farin wuri mai kauri.

"In kika yanki nan kika rina, me za ki gani?"

Ta fara amsawa murya na rawa, rabi Hausa rabi Turanci. Ya sake tambaya, ta sake amsawa, muryar ta tsaya. Ya ɗauki wata ya tsaga, ya tambaya. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, ana kuma ta zage-zage a kansu, amma na ga lokacin da ya daina kallon hantar ya koma kallonta. Ya cire safar.

"Ki kawo aikin ranar Litinin in sa hannu. Ki rubuta yadda aka samo su, yadda ya faru, kar ki gyara." Ya dube ni. "Baba, Allah ya kyauta."

"Amin, ranka shi daɗe."

Motarsa na tashi ihu ya fara lafawa. Dogon na haki, hularsa a ƙasa. Ya dubi gajeren, gajeren ya dube shi.

"Tsaya," in ji dogon. "Kai mi ya ce maka?"

"Ya ce ba tawa suke so ba, taka."

"Ni ma haka ya ce mini."

Suka juyo tare. Ban taɓa ganin mutanen nan biyu sun haɗa kai a kan komai ba sai ranar.

"Kuma shanun ga masu tsutsa," gajeren ya ce yana matsowa, "wa ya saida muna su?"

"Amarya," na ce, "hau babur."

Babur ɗin ya yi mini halacci, bugu ɗaya ya tashi. Wani abu mai laushi ya same ni a tsakiyar baya kafin mu fita rumfa, na ji sanyinsa na bin rigata. Sai da muka hau kwalta ta saki dariyar da ta riƙe, tana yi tana share ido da mayafi, ban san ko duk dariya ce ba.

Ta gama tare da 'yan ajinsu. Ni kuwa tun ranar ba runjin kasuwar can da ya sake sayen ko akuya ta hannuna. Yanzu sai in tafi har wajen Kajiji, inda labarin bai kai da cikakken bayani ba, in dawo da yamma ƙugu na ciwo. Na aika musu goron gama karatunta, don a san ban riƙe kowa ba. Suka karɓa, suka raba, suka ce a gaya wa yarinya Allah ya sa albarka. Ni ba a ce a gaya mini komai ba.